Yadda ake zaɓa wa yaro ƙaramar bindigar koyon wasan harbi

Harbi na cikin wasannin da aka buɗe gasar Olamfik ta zamani da su a birnin Atina a 1896, kuma har yau ana yin sa. Manu Bhaker 'yar Indiya tana da shekara 16 ta ci zinare da bindigar iska a gasar Commonwealth ta 2018, sannan ta ɗauki lambobin tagulla biyu a Paris a 2024. Irin waɗannan 'yan wasa a kulob ake rainonsu tun suna ƙanana, a gaban koci, da bindigar da ta dace da hannunsu. Iyayen da ke zaune a Amurka ko Jamus da makamantansu, har da namu da zama ya kai su can, kan wayi gari yaro ya ce shi ma yana son shiga. Abin da ke fara zuwa wa uba a rai shi ne ya nufi shago. Ni kuwa ina ganin sayen bindigar shi ne kusan abu na ƙarshe, domin hannun yaron da natsuwarsa ne za su faɗa maka wadda za ka saya, kuma kafin ka ji abin da za su faɗa akwai aiki a gabanka.

Mataki na farko: ka san dokar inda kake

A Amurka dokar tarayya ta hana wanda bai kai shekara 18 ba riƙe ƙaramar bindiga ta hannu, wato fistol ko libarba, amma ta yi togaciya ga atisayen harbi da darasin koyo, muddin akwai rubutaccen izinin iyaye a tare da yaron. Jihohi da yawa kuma suna da nasu ƙarin sharuɗɗa, wasu masu tsauri ƙwarai. Bindigar taka ce kai babba, da sunanka za a saye ta, kai ne kuma za ka amsa tambaya a kanta.

A Jamus an tsara abin da shekaru: daga 12 yaro na iya harba bindigar iska a filin kulob da yardar iyaye da kulawar wanda aka amince da shi, daga 14 kuma a ba shi mai ƙaramin harsashin nan da ake kira .22. A Ingila da Sikotilan da Wales, tun bayan kisan 'yan makarantar Dunblane a 1996, dokokin 1997 suka haramta ƙananan bindigogi, har da masu harsashin .22, don haka yaran can da bindigar iska suke koyo.

Wanda ke Najeriya kuwa ya sani cewa Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba a jerin makaman da aka haramta, ba a riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa. Ita kanta bindigar iska sai da lasisin 'yan sanda, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. Ke nan bayanin da ke tafe na wuraren da doka ta buɗe ƙofa ne, da kulob mai rajista.

Mataki na biyu: ka auna yaron

Shekaru kaɗai ba sa nuna yaro ya isa. Akwai ɗan shekara 10 da za ka ce masa tsaya ya tsaya cak, akwai ɗan 14 da sai ya tambaye ka dalili tukuna. A filin harbi na farkon ake nema. Ka lura da shi a gida: in an ba shi umarni mai gaɓa uku, yana bin su a jere? In ya sha kaye a wasa, yana jifa da abin da ke hannunsa? Zai iya zama minti 20 a kan abu ɗaya? Shi ne ma yake so, ko kai ne kake so masa?

Sai dokoki huɗu da kusan kowane filin harbi ke koyarwa. A ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki. Kada a nuna bakinta ga abin da ba a yi niyyar harbi ba. Yatsa ba ya taɓa kunama sai an gama saiti. A san abin da ake hari da abin da ke bayansa. Ya haddace su kamar karatun allo, ya faɗe su ba tare da an tuna masa ba, ya kuma nuna su a aikace da bindigar roba kafin ya taɓa ta gaske.

Ka gano kuma idon da ya fi ƙarfi. Ya miƙe hannayensa biyu ya haɗa su, ya bar 'yar ƙaramar kafa a tsakiya, ya hango wani abu mai nisa ta cikinta da idanu biyu a buɗe, sannan ya janyo hannayen a hankali zuwa fuskarsa. Idon da kafar ta sauka a kai shi ne jagora. Yakan faru yaro da hannun dama yake aiki amma idon hagu ke jagora. Ka sanar da koci tun ranar farko, shi zai san yadda zai gyara masa tsayuwa.

Mataki na uku: a fara da bindigar iska

Nan ne iyaye da yawa ke tsallakewa, suna ganin bindigar iska abin wasa ce. Alhali tun 1988 ake gasar Olamfik da ita a tazarar mita 10, kuma da'irar maki goma a takardarta faɗinta milimita 11.5 ne kacal. Ƙwayar dalma take harbawa mai faɗin milimita 4.5, nauyinta kusan rabin giram. Ba ta da ƙara mai firgitarwa, ba ta bugun hannu, ƙwaya ɗaya ake sa mata a lokaci guda, kuma gwangwani mai ƙwaya 500 bai kai kuɗin harsasai ko kusa ba. Duk abin da mai harbi ke buƙatar koya, wato tsayuwa da numfashi da saiti da jan kunama, ana koyonsa da ita, kuma tunda babu bugu da zai ɓoye kuskure, yaro na ganin abin da hannunsa ya yi ƙarara.

Iri uku ne aka fi amfani da su a wasan. Akwai wadda ake buga mata iska da hannu sau ɗaya kafin kowane harbi, irin Daisy 747 ko Baikal IZH-46M. Suna da kyau, amma bugun na son ƙarfi, kuma Baikal ta haura kilo ɗaya. Akwai mai ƙaramar tukunyar gas. Akwai kuma mai silindar matsattsiyar iska da ake cikawa zuwa "ba" 200 a ma'aunin matsin iska, wadda ita ce ta 'yan gasa: Steyr da Morini da Walther da Feinwerkbau duk suna yin ta. A cikin wannan rukuni Hämmerli AP20 ba ta kai kilo ɗaya ba, shi ya sa kulob-kulob ke sayen ta don matasa. In tsohuwa za ka saya, duba kwanan watan da ke jikin silinda, domin dokar gasa ba ta yarda da wadda ta wuce shekara 10 ba.

Hukumar wasan harbi ta Amurka tana da tsarin yara mai hawa-hawa wanda na ga hikimarsa: yaro ya fara a zaune, bindiga a kan matashi, daga nan ya miƙe tsaye da abin tallafi, sai ƙarfinsa ya kawo sannan ya riƙe da hannu ɗaya kamar manya. Sannu ba ta hana zuwa. Yaron da ya yi wata shida ko shekara a wannan hawa, ranar da aka miƙa masa mai harsashi ba zai rikice ba.

Kada dai a raina ta. Ƙwayar dalma na tsiyaye ido, kuma an sha rasa rai da bindigar iska. Dokokin nan huɗu suna kanta daidai da kowace bindiga.

Mataki na huɗu: in an zo ga harsashi, .22 LR kawai

Wannan ba ya buƙatar dogon zance. Harsashin .22 LR tun 1887 ake yin sa, faɗinsa milimita 5.6, ƙwayarsa kimanin giram 2.6, shi ne mafi araha, kuma da shi ake gasar mita 25 a Olamfik. Bugunsa kaɗan ne. Ka bar .22 Magnum, ka bar 9mm, komai yadda yaro ya nace yana son irin ta babansa. A 2014 a jihar Arizona an ba wata yarinya 'yar shekara 9 bindigar Uzi mai aman wuta, bugun ya fi ƙarfin hannunta, bakin bindigar ya ɗaga, harsashi ya kashe mai koya mata. Laifin manya ne da suka ba ta abin da jikinta ba zai iya ba.

A cikin .22 ɗin ma ka nemi mai matsakaicin gudu, irin CCI Standard Velocity, ko na Eley da SK da ake atisaye da su. Sun fi sauƙin ƙara, sun fi taruwa wuri ɗaya a takarda. Ka kuma faɗa wa yaro tun da wuri cewa ƙanƙantar harsashin nan ba ta hana shi kisa, kuma in ya tashi sama yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi.

Mataki na biyar: libarba ko mai ɗora harsashi da kanta

Libarba irin wadda sai an ja gudumarta baya da babban yatsa kafin kowane harbi, kamar Ruger Single-Six da Bearcat da Wrangler, tana da wani alheri ga mai koyo: tana tilasta jinkiri. Harsashi ɗaya-ɗaya ake cusawa, kwanso ɗaya-ɗaya ake fitarwa, kuma bayan harbi ba za ta sake tashi ba sai an ja guduma. Bearcat ma ƙarama ce, tana zama a ƙaramin hannu. Aibinta uku ne. Yawancinsu masaitinsu, wato abin da ake auna saiti da shi a saman bindiga, a kafe yake, ba ya gyaruwa. Wuta da ɓurɓushin dalma na fita ta tsakanin ganga mai juyawa da bututu, don haka yatsan da ya kai wurin zai ƙone. Sannan in yaro ya ja guduma ya fasa harbi, sauke ta a kan harsashi aiki ne na babba, kada a bar masa. Ita kuwa libarbar da kunama ke jan guduma da kanta, a .22 nauyin jan yakan haura kilo 5, yatsan yaro ba zai iya ba sai ya karkatar da bindigar.

Mai ɗora harsashi da kanta ita ce ainihin bindigar gasa. Kunamarta ta fi laushi, masaitinta na gyaruwa. Haɗarinta shi ne da zarar ta tashi ta riga ta ɗora wani harsashin, kuma yaron da ya bugi tsakiya yakan juyo da murna ya nuna wa babansa, bindiga a hannu, yatsa a kunama. Maganin wannan shi ne harsashi ɗaya a magazin, wato gidan da ake jera harsasai, har sai hali ya zauna. Tana kuma watso kwanso mai zafi, wani lokaci ya faɗa wuyan riga.

In burin yaro gasa ce, ni mai ɗorawa da kanta zan zaɓa masa, da sharaɗin harsashi ɗaya. In kuma ƙarami ne sosai, ko kuma koyon ladabin bindiga kawai ake so, libarbar mai jinkiri ta wadatar.

Mataki na shida: gwaji a hannu

Wannan shi ne zuciyar zaɓen, kuma ba a yin sa ta hoto a intanet. Ka je kulob ko filin da ke ba da haya, a tabbatar bindiga babu komai a cikinta, a sa tutar roba mai nuna hakan a ɗakin harsashi, sannan yaro ya riƙa.

Fara da mariƙi. Bayan mariƙin ya zauna a tsakiyar kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuni, bututu ya miƙe daidai da ƙashin hannu. A haka, ba tare da ya gusa ba, tsokar gaɓar farko ta manuninsa ta kwanta a kan kunama. In sai ya murɗa hannu gefe kafin ya kai, mariƙin ya yi masa kauri. Bugun zai riƙa sauka a gindin babban yatsa, harbinsa kuma zai riƙa kaucewa gefe guda, ya yi ta ɗora wa kansa laifin da ba nasa ba. Sauran yatsu uku su zagayo mariƙin sosai. Bindigogin gasa na Turai suna zuwa da mariƙin katako mai girma daban-daban, har da ƙarami sosai da na bahago, kuma ana iya matso da kunamarsu baya. Wannan kaɗai na iya sa tsohuwar bindigar gasa ta fi sabuwa ta shago dacewa da yaro.

Sai nauyi. Dokar gasa ta ƙayyade kada bindigar iska ta wuce giram 1,500, mai harsashi ta mita 25 kuma kada ta wuce 1,400, amma wannan iyakar manya ce. Ga yaro, tsakanin giram 700 da 900 ya fi. Ya ɗaga ta da hannu biyu zuwa saitin ido ya ƙirga goma a hankali. Ka tsaya a gefensa ka kalli abu biyu: bakin bindigar da kafaɗunsa. In bakin ya fara sunkuyawa, ko ka ga ya lanƙwasa baya ya turo ciki don ya tallafi nauyin, ta yi masa nauyi. Bututu mai kauri da manya ke so don yana kwantar da bindiga, shi ne yake gajiyar da yaro a harbi na goma. Amma kada tsoron nauyi ya kai ka ga 'yar mitsitsiyar bindigar aljihu. Ƙananan nan sun fi tsalle, sun fi ƙara, kuma gajeren bakinsu na saurin juyawa inda bai kamata ba.

Akwai wani lissafi da ke nuna dalilin. In tazarar da ke tsakanin masaitin baya da na gaba santimita 20 ce, kuskuren milimita 1 a jera su zai kai harsashi santimita 12.5 daga inda ake so a mita 25. In tazarar santimita 13 ce, wannan kuskuren zai zama kusan santimita 19. Da'irar maki goma a takardar mita 25 kuwa faɗinta santimita 5 ne. Shi ya sa bututu mai tsawon inci 4 zuwa 5 da rabi ya fi dacewa: ya ba da tazara, bai kuma rinjayi hannu ba.

Kunama ta zama mai tsabtar ja, ba ta gurzawa, ba ta tsayawa a hanya. A gasa mafi ƙarancin nauyin ja giram 500 ne a bindigar iska, giram 1,000 a ta mita 25. Na shago irin su Ruger da Browning sukan zo a wajen kilo 2, kuma hakan ya yi wa mai koyo daidai. Kada ka kai ta wurin maƙeri a sassauta ta don yaro ya ji daɗi. Yatsan da bai ƙware ba yana buƙatar ɗan abin da zai tokare shi.

Masaiti ya zama baƙi, mai faɗi, na baya kuma mai gyaruwa sama da ƙasa, dama da hagu. Madubin nan mai jan ɗigo yana sa yaro ya fara bugun tsakiya da wuri, kuma yana taimakon mai raunin gani, amma ba a yarda da shi a gasar Olamfik ba. In can aka nufa, a fara da na ƙarfe.

Daga ƙarshe ya gwada sarrafa ta da kansa: ya ja sakatar da ke saman bindigar baya ya kafe ta a buɗe, ya cire magazin, ya kai yatsa ga maɓallin kulle. Bindigar da yaro ba zai iya buɗewa ya nuna babu komai a cikinta ba, ba tasa ba ce tukuna.

Mataki na bakwai: sunayen da za ka tarar

Ruger Mark IV ta fito a 2016, jikanyar wadda kamfanin ya fara da ita a 1949. Da maɓalli ɗaya ake warware ta don wanki, abin da ya wahalar da masu tsofaffin samfurin. Nau'inta na 22/45 Lite yana wajen giram 700. Browning Buck Mark tun 1985 take kasuwa, an san ta da daɗin kunama, wasu nau'o'inta kuma mariƙinsu siriri ne. Smith & Wesson SW22 Victory tana wajen kilo ɗaya, ta fi dacewa da matashin da ya fara ƙarfi. Su Pardini SP da Walther GSP da Smith & Wesson 41 na wanda ya riga ya shiga gasa ne, kuɗinsu kuma ya ninka na waɗancan; babu dalilin sayen su a shekarar farko, tunda hannun yaro girma yake yi.

Tsohuwa ba laifi ba ce in maƙerin bindiga mai lasisi ya duba ta. Ka sa ya duba bakin ɗakin harsashi, domin yawan jan kunama babu harsashi na lotsa shi a bindigogin .22. In Mark IV ce da aka ƙera kafin Yunin 2017, ka tabbatar an mayar da ita kamfani an yi mata gyaran maɓallin kulle da aka yi kira a kai a wannan shekarar. In libarbar Ruger ce ta kafin 1973, ka tambaya ko an sa mata ƙarfen da ke hana guduma taɓa harsashi sai an ja kunama. Kafin duk wannan ma, tambayi kulob ko suna da ta aro. Da yawa suna da ita, kuma wata uku da bindigar kulob zai nuna maka ko sha'awar yaron mai ɗorewa ce.

Mataki na takwas: abin da ake saye tare da ita

Akwatin ƙarfe mai makulli ya riga bindiga shiga gida. Ana ajiye ta babu harsashi, harsasai a wani wurin daban shi ma a kulle, mabuɗi ko lambar sirri a wurinka kai kaɗai, ko da yaron ya fi kowa hankali, domin abokansa na zuwa gidan, kuma matashi na shiga ƙuncin da iyaye ba su sani ba. Alƙaluman hukumar lafiya ta Amurka sun nuna cewa a 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa a ƙasar. In akwai mai fama da damuwa a gidan, a bar bindigar a ma'ajiyar kulob.

Kunne kuma a toshe shi ninki biyu, soso a ciki, marufi a waje, marufin ma na yara wanda ke manne wa kai. Ƙarar ƙaramar bindigar .22 na haura desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma jin da ya lalace ba ya dawowa. Tabarau mai kare gefen ido, hula mai baki, riga mai rufaffen wuya saboda kwanso. Dalma guba ce da ta fi illa ga ƙwaƙwalwar yara: ba ci ba sha a wurin harbi, a wanke hannu da fuska da sabulu kafin a taɓa abinci, kayan da aka sa a wanke su daban. Fili na waje ko mai kyakkyawar na'urar fitar da iska ya fi.

Mataki na tara: ranar farko

Ka bar koci ya jagoranta, ko da ka iya. Yaro ɗaya, babba ɗaya, a tsaye dab da kafaɗarsa ta ɓangaren hannun da ke riƙe da bindiga, kusa yadda zai iya kama hannun in ya fara juyowa. Yaro a zaune, hannayensa a kan jakar yashi, takarda babba a mita 5 zuwa 7, harsashi ɗaya. Ya harba, ya ɗauke yatsa, ya ajiye bindiga bakinta na kallon gaba, sannan a yi magana. Kada a damu da maki. Abin nema shi ne ramukan su taru wuri guda, ko a ina ne a takardar, domin matsar da su tsakiya aikin sukurun masaiti ne.

In ka ga yana runtse ido ko yana dukar da bakin bindiga kafin ta tashi, tsoron ƙara ya shige shi. A koma bindigar iska na ɗan lokaci, ko a yi atisayen jan kunama da harsashin roba. Minti 30 ya isa zama ɗaya, a tashi tun yana marmari. In ya karya ɗaya daga dokokin nan huɗu, a rufe zaman ranar ba tare da tsawa ba, a gaya masa dalili, a dawo wani makon. Sai ya yi zama da yawa a jere ba a tuna masa yatsa ko bakin bindiga ba, sannan a ƙara harsasan magazin zuwa biyu, daga baya biyar, a kuma matsar da takarda zuwa mita 10.